Matar Matafiyi da Abin da Ya Riƙe Ta

Unguwar Nassarawa ta Kano baƙi ne suka kafa ta, kuma akasarinsu baƙi ne da suka baro matansu a wata ƙasa. Da sojojin Ingila suka ci birnin a watan Fabrairun 1903, Turawan ba su tare cikin ganuwa ba, sai suka yi wa kansu mazauni gabas da ita, daura da gidan Sarki na Nassarawa da kuma Bompai, inda daga baya aka yanka manyan filaye aka keɓe su don ma'aikatan gwamnati. A farkon mulkinsu ƙaramin jami'i ba ya zuwa da iyali sai da izinin na gaba da shi. Shi kansa Gwamna Lugga ya kawo amaryarsa Flora Shaw Zungeru a 1902, amma rashin lafiya ya mayar da ita Ingila, suka koma zumunci ta wasiƙa. A bayan kowane gidan Bature kuwa akwai jerin ƙananan ɗakuna na kuku da boyi da mai kula da doki, waɗanda su ma da yawansu a ƙauye suka bar matansu. Yau lamarin ya juya. Daga cikin gidajen da ke layukan Sultan da Alu da Lamido ne likita ke tashi zuwa Saudiyya, malamin jami'a ya tafi Malesiya, ɗan kasuwa ya yi wata da watanni tsakanin Dubai da Sin, a bar mace da yara da maigadi a bakin ƙofa.

Idan aka tambayi dattawa yadda matan da suke yi idan maigida ya yi nisa, amsa ɗaya ake samu: haƙuri. Da wannan kalmar ake raka amarya, da ita ake rufe bakin matar da ta kawo kuka gidan iyayenta. Ban raina haƙuri ba, kuma babu mai musun cewa iyayenmu mata sun yi shi. Abin da nake ja a kansa shi ne yadda muke ba da tarihin kamar haƙurin ne kaɗai ya yi aikin. Duk wanda ya bi labarin fatauci da cin rani a ƙasar Hausa zai tarar cewa matar matafiyi ba ta taɓa tsayawa da haƙuri tsagwaronsa ba. Tafiyar tana da lokacin komowa da kowa ya sani, gidan yana da wanda ya ɗauki nauyin ciyarwa, ita kanta tana da jarinta, kuma idan duk waɗannan suka gaza akwai alƙali da wa'adinsa. Mun rushe yawancin waɗannan da hannunmu, muka bar wa matar zamani nasihar kawai.

Doguwar tafiya tsohuwar sana'a ce a nan. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 19 fataucin goro ya zama babbar harkar Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da riguna da kayan fata, a ƙarƙashin madugu, ya tsallaka Kwara, ya ratsa Borgu, ya bi ta Sansanin Mango har Salaga, kuma zuwa da dawowa na iya cin wata shida ko shekara guda. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya tattara labarin waɗannan fatake daga bakin zuriyarsu, ya nuna cewa harka ce ta dangi: ɗa ya gaji uba, ƙane ya bi yaya, auratayya kuma a tsakaninsu. Ma'anar wannan ga matar da aka bari babba ce. Mijinta bai ɓace cikin duniya ba, yana cikin ayarin da ta san madugunsa, tare da 'yan uwanta ko 'yan uwansa, kuma duk ayarin da ya shigo gari yana ɗauke da labari da saƙo. Har rubutun wasiƙa ya zama ilmi mai zaman kansa. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna Salaga sannan ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, ɗaya daga cikin ayyukansa na farko littafi ne na koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Jama'ar da ba ta da buƙatar sadarwa da na nesa ba za ta haifar da irin wannan littafi ba.

Cin rani kuwa damina ce ke yi masa iyaka. Manomi ya gama kaka, ya zuba hatsi a rumbu, ya kama hanya zuwa birni ko Kurmi, ya yi dako ko ga-ruwa ko jima ko almajiranci, kuma da hadarin farko ya fara haɗowa sai ka gan shi a gida, don gona ba ta jira. Lokacin da aka ƙidaya masu wucewa ta mashigun Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, ƙidayar da masanin nan Mansell Prothero ya yi nazarinta, an samu mutum sama da 250,000, cikinsu har da waɗanda ake kira 'yan tuma da gora, masu nausawa nesa neman aikin ƙarfi. Wannan adadi yana nufin dubban ɗaruruwan gidaje ne suke wayar gari ba maza matasa kowace shekara, amma ƙauyukan ba su watse ba. Dalili ɗaya shi ne tafiyar kanta dabara ce ta tattalin abinci: baki ɗaya ya ragu a kan rumbu har wata biyar, abin da zai ci ya zama na mata da yara. Dalili na biyu, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne matar ta san ranar. Jiran da ke da ƙarshe sananne daban yake da jiran da ba a san ƙarshensa ba, ko da tsawonsu ɗaya ne. A Jamhuriyar Nijar, inda ake cewa mutum ya tafi biɗa, haka tsarin yake a ƙauyukan Maraɗi da Tawa, har sai da biɗar ta miƙe zuwa Abijan da Libiya ta daina bin lissafin ruwan sama.

Sai batun gida. A tsarin gandu, magidanci da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, kuma uban gandu ne ke biyan haraji, ya yanka ragon suna, ya ɗauki hidimar aure. Saurayin da ya tafi cin rani daga irin wannan gida bai bar matarsa hannun Allah-ya-kawo ba. Ya bar ta a sashenta, cikin gidan da tukunya ba ta sauka saboda rashinsa, tsakanin uwar miji da facaloli. Wanda ya riga ya ware kuwa yakan auna mata hatsin da zai kai ta, ya bar kuɗin cefane a hannun wa ko ƙane, ya ce ga wakilina. In tafiyar mai tsawo ce, ba abin kunya ba ne ta koma gidan iyayenta, musamman idan tana da ciki ko goyo, domin al'adar goyon ciki da wankan jego ta riga ta share wannan hanya. Wato dai nauyin da ke kan miji bai tafi da shi ba, an san wuyan wanda ya koma, kuma unguwa duka ta san wanda za ta zarga idan aka ji yaran wane sun kwana da yunwa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne dukiyar matar kanta. A shari'a da al'ada abin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko da shi, kuma matan Hausa sun ɗauki wannan da gaske. Kaɗin zare da ya ciyar da masaƙa da marina na Kano a ƙarni na 19 aikin mata ne a tsakar gida. Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta yi mamakin yawan cinikin hatsi da abinci da ke gudana a cikin gidaje ta hannun matan kulle, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Enid Schildkrout ta ga irinsa a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, inda yara ke zama ƙafafun iyayensu mata, su kai talla, su sayo kayan haɗi, su kai saƙo. Daga ribar ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula ake zubin adashi, daga adashi a sayi akuya ko kwanon jere, wanda ado ne yau, gobe kuma kadara ce da za a ɗaga in ta ɓaci. A kan wannan kuma ga biki tsakanin ƙawaye, wanda ba kyauta ba ce ta banza: abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunanta rubutacce ne a zuciya, kuma zai dawo miki da ƙari ranar naki. Matar da ke da irin wannan zumunci ba ta rasa wanda za ta aika wa yaro da dare. Wani lokaci ma macen ce matafiyiyar. Mahaifiyar Alhassan Ɗantata, Amarya, 'yar kasuwa ce da ta tashi zuwa Akara bayan rasuwar mijinta, ta bar yaranta a Bebeji hannun wata baiwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi zuriyar har yau.

Idan miji ya yi shiru, labari ya yanke, akwai alƙali. Mazhabar Malikiyya, wadda ita kotunanmu ke bi, ba ta bar wannan mas'ala a buɗe ba. Littafin Risala, da kowane almajirin zaure ya sani, ya yanke wa matar wanda ya ɓata wa'adin shekara huɗu daga lokacin da ta kai ƙara aka bincika ba a same shi ba, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so. Wannan ma idan ya bar dukiyar da za a ciyar da ita ne. Idan bai bar komai ba, ba sai ta jira shekarun nan ba, alƙali na iya raba auren saboda rashin ciyarwa bayan ɗan jinkiri. Wanda kuma aka san inda yake, amma ya share wuri ya zauna, malaman mazhabar sun ce a rubuta masa: ko ya dawo, ko ya aiko a kai masa matarsa, ko ya sake ta, in ya ƙi duka alƙali ya yanke, ko da kuwa kuɗin abinci na zuwa. Wannan hukunci na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna cewa malaman farko ba su ɗauki aure a matsayin ciyarwa kawai ba. Sun lissafa kaɗaicin mace a cikin cutarwar da shari'a ke ɗauke wa mutum. Matafiyin da ya san haka, tafiyarsa da lissafi take.

Za a ce na ƙawata zamanin da, kuma akwai gaskiya a wannan suka. Gidan gandu ba aljanna ba ne. Uwar miji na iya zama mai tsanani, wakili na iya cin amana, matar da ba ta haihu ba ko marainiya ba ta da mai tsaya mata. Yawan aikin da ya sauƙaƙa wa matan attajiran fatake zama bayi ne suka yi shi, kuma tallar da ta riƙe tattalin matan kulle ita ce ta hana 'ya'yansu mata makaranta. Fatake da dama sun yi sabon aure a zango, suka kafa gida a Kumasi ko Sabon Ibadan, ta gida ta ji labari a bakin mutane. Zuwa gaban alƙali ma ba kowace mace ke da ƙarfin halinsa ba. Duk na yarda. Amma a lura da abin da sukar ta tabbatar: inda matar ta wahala, za ka tarar ɗaya daga cikin madogaran nan ne ya karye, ko wakili ya gaza, ko jari babu, ko hanyar kotu ta toshe. Ba a taɓa samun inda haƙuri ya cike gurbinsu ba. Yawan mutuwar aure da sake aure da masu bincike suka yi ta rubutawa game da ƙasar Hausa, tun daga labarin Baba ta Karo da aka buga a 1954, shaida ce cewa matan da ba su ɗauki zaman jiran gawon shanu a matsayin ibada ba.

Mulkin Turawa ne ya fara tsawaita tafiya fiye da abin da tsarin zai iya ɗauka. Harajin da sai da tsabar kuɗi ake biya ya tura wanda ma bai yi niyya ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya mayar da Ikko kusa. Haƙar kuza a Jos ta ja ma'aikata, kuma daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutane aikin tilas zuwa can, a daidai lokacin da wasu dubbai ke yaƙi a ƙasar Bama. Masu tafiya Makka a ƙasa sukan yi shekaru a hanya, da yawa suka tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan bayan buɗe aikin a 1925, ba su ƙara ganin gida ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mutanen da suka yi shekaru suna aiko da kuɗi suka dawo hannu rabbana. Bayan farin 1973 kuma sai ga Buzaye sun cika ƙofofin gidajen Nassarawa suna gadi, matansu na can arewa. Ko a wannan zamani mutane sun ƙirƙiro hanyoyin riƙe zumunci: mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, saƙon kuɗi ta hannun direban mota, gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka, daga baya kuma kaset da ake ɗaukar murya a ba alhaji ya kai.

Gidan irin na Nassarawa kuwa an zana shi ne don mutum ɗaya da matarsa da barorinsa. Babu sashen uwar miji, babu zauren da dattijo zai zauna, maƙwabci yana bayan katanga mai tsawo da waya a samanta. Lokacin da manyan ma'aikata da attajirai 'yan ƙasa suka gaji unguwar bayan 1960, sun gaji wannan fasali, kuma sababbin unguwanni suka kwaikwaye shi. Ga mai cewa matar yau ta fi ta da gata, tunda tun zuwan wayar salula a 2001 tana jin muryar mijinta kullum, yanzu har fuskarsa tana gani, kuɗi kuma na shigowa asusunta cikin daƙiƙa, amsata ita ce waya ta magance matsala ɗaya, ta rashin labari, ta kuma ɓoye sauran. Bankin Duniya na ƙiyasta abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa da kusan dala biliyan 20 a shekara, amma ba wanda ya ƙiyasta aikin da ya koma kan matan da aka bari. Ita ce mai kai yaro asibiti da tsakar dare, mai fama da makaniken janareta, mai zuwa makaranta idan ɗa ya yi laifi, mai sa ido kan ginin da maigida ke yi, sannan mai amsa tambayar dangin miji kan inda kuɗin ke tafiya. An ɗora mata aikin wakili ba a ba ta ikonsa ba, domin wayar da ke kawo gaisuwa ita ce kuma ke sa a nemi izini daga Riyad kafin a fita unguwa. Ranar dawowa kuwa ta koma hannun mai ba da biza da mai sabunta kwantiragi. Mutanen Jamaika sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Tun daga jirgin ruwan Windrush da ya isa Ingila a 1948, ma'aurata da yawa a can sun rabu a kan za a yi shekara biyar, sai ta zama ashirin, yara suka tashi suna sanin iyayensu ta gangunan kaya da ake aikowa. Abin da ya taimaki waɗanda suka tsira da gidajensu sanannu ne a wurinmu: kaka da ke riƙon jikoki, jama'ar coci, da wani zubi nasu da bai da bambanci da adashi.

Yanzu kuma tafiyar ba ta maza kaɗai ba ce. Ma'aikatan jinya mata na tafiya Ingila da ƙasashen Larabawa, matan Kano sun daɗe suna zirga-zirgar Jidda, kuma mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamadar arewacin Nijar a watan Oktoban 2013, a hanyarsu ta zuwa Aljeriya, kusan dukkansu mata ne da yara. Mijin da aka bari ba shi da ko kalmar da al'ada ta tanadar masa, balle tsari, shi ya sa nauyin yaran ke zarcewa kan kaka ko babbar 'ya.

Suka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a zukatan mutane: wai sa wa miji wa'adi, ko maganar alƙali tun ana zaman lafiya, rashin tawakkali ne da rashin kunya, kuma baƙon abu ne da aka aro daga waje. Tarihin mazhabarmu bai goyi bayan wannan ba. Ibn al-Aɗɗar, malamin Malikiyya na Kurɗuba da ya rasu a 1009, ya bar littafin samfurin takardun shari'a, kuma a takardar auren da ya tsara akwai sharaɗin cewa miji ba zai yi nesa da matarsa fiye da wata shida ba, sai in aikin hajji ne, wanda aka ba shi shekara uku. In ya wuce haka, al'amarinta ya koma hannunta. Waliyyai ne ke neman a rubuta wannan, a gaban shaidu, ranar farin ciki, kuma ba wanda ya ɗauke shi zagi ga ango. A Kano ta yau waliyyi zai bincika asalin mai neman aure da sana'arsa, a yi ta kai-komo kan lefe da kayan ɗaki, amma ko da kowa ya san angon zai koma bakin aikinsa a wata ƙasa bayan sati biyu, da wuya ka ji an tambaye shi sau nawa zai riƙa zuwa a shekara, wa ya wakilta a gari, ko amarya za ta ci gaba da aikinta, da kuma yaushe zai nema mata takardun bin sa. Tambayoyi ne da uban yarinya ke da cikakken haƙƙin yi kafin ya karɓi sadaki, kuma limamin da zai ɗaura auren yana da littattafan da suka ba shi damar sa a rubuta amsoshin.